Da Kuɗin Tsohuwa Na Sayi Takardar Tsiyata

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, da ku masu karatu a gida da duk inda takardar nan take kaiwa. Ina gaishe ku daga Jidda, gaisuwar mutumin da ya shekara ashirin da ɗoriya bai taka ƙasar haihuwarsa ba. Jaridarku takan iso mana a hannun alhazai, wani lokaci ma an naɗe takalmi ko daddawa da ita, mu warware mu shimfiɗe mu karanta ko da ta yi wata huɗu da fitowa. A ciki na ga mutane suna kawo damuwarsu ana ba su shawara. Don girman Allah kada a nemi sanin ko ni wane ne, ban rubuta sunana ba, kuma sunan da zan kira tsohuwar da shi ba nata ba ne. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku tofa mini yawu. Zagi kam na san na cancanta, na ma riga ku, don ba ranar da za ta fito ta faɗi ban zagi kaina ba. Abin da nake nema a wajenku hanya ce.

Aikin hajji na zo ina saurayi, na zauna. Dako na fara yi a tashar jiragen ruwa, na koma talla, har Allah ya buɗa mini na kama ɗan shago a Balad, cikin tsohon gari, ina sayar wa alhazai tsaraba: darduma, tasbaha, turare, yadi, huluna. Na auri 'yar Hausawan da aka haifa a nan, muna da 'ya'ya huɗu. Kayan shago bashi nake ɗauka a wajen wani babban ɗan kasuwa mutumin Hadaramauti da wasu ƙananan 'yan kasuwa biyu, in sa hannu a takarda, in biya bayan alhazai sun watse. Haka kowa yake yi, kuma shekara goma ban taɓa saɓa alkawari ba. Sai wata shekara haɗama ta kama ni na ɗebo kaya ninki uku na abin da na saba, na jibge su a wani ɗaki na ƙasa don ya fi arha. Jidda sai a shekara ba a ga ɗigon ruwa ba, amma ranar da ya tashi zuwa sai ya zo da na shekarar gaba ɗaya. Cikin yini guda ruwa ya cika lungun, ya shiga ɗakin har gwiwa. Da na buɗe ƙofa wari ne ya fara tarbata. Dardumu sun yi funfuna, yadi ya zubar da launi a kan juna, kwalayen turare sun narke. Masu kaya suka yi mini haƙuri shekara guda, suka ƙara wata, a ta uku ƙananan biyun suka kai ƙara.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Iya Kulu, don saboda ita nake wannan rubutu. Tsohuwa ce daga wajenmu, da ƙafa ta zo ita da mijinta, ta Sudan, suna tafiya suna tsayawa noma da aikatau. Mijin ya rasu kafin su ga teku. Ta tsallako ita kaɗai, ta yi hajjinta, kuɗin komawa babu. Ta baro 'yarta guda ɗaya tilo a gida wajen ƙanwarta, yarinyar tana da shekara bakwai, ta ce mata baɗi war haka na dawo. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ba ta isa ta tunkari wani ofishi ko wata hukuma ba, in ta hango kakin ɗan sanda sai ta ja mayafi ta canza lungu. Koko da ƙosai take sayar wa 'yan dako kusa da tasha. A nan na san ta tun ina dako, ta sha ba ni ƙosai in ba ni da ko girshi, wato kwabon ƙasar nan, ta ce ci ɗan nan, wuyanka kamar na zakara. Bayan na buɗe shago sai ta fara kawo mini ajiya, kuɗin jirgin komawa gida. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma kada ku raina ta a lissafi. Duk sanda ta tara riyal biyar sai ta kawo mini, in sa a wani ɗan akwatin ƙarfe a gabanta, ita kuma ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a cikin gwangwanin madara da take ɗaurewa a gefen zaninta. Ƙwallo ɗaya, riyal biyar. Nakan tsokane ta in ce Iya ranar da ɓera ya shiga gwangwanin nan na yi arziki, ta ce ɓeran da zai ci ƙwallon dabino ba a haife shi ba, kai dai riƙe naka akwatin. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Ƙwallo ɗari uku da goma sha biyu. Ta ce in sun kai ɗari uku da hamsin sun isa tikiti da tarar zaman da ta yi ba takarda da 'yar tsarabar da za ta shiga gari da ita ba kunya.

Da ƙara ta kai gaban alƙali, masu sani suka ce mini hanya ɗaya ce ta rage, in nemi i'isari. Ma'anarsa mutum ya tsaya gaban shari'a ya tabbatar ya karye, ba shi da abin biya. A sayar da abin da ya mallaka a raba wa masu binsa, a ba shi takarda, a nan ana ce mata sakki, wadda za ta hana kowa kama shi har Allah ya hore masa. Na ji daɗin maganar, na ɗauka zuwa zan yi in ce ba ni da komai, a duba a ga ba ni da komai, shi ke nan. Ashe tsiya ma sai mai kuɗi yake iya tabbatar da ita! Gaskiya ɗaya zan faɗa, kotu ba ta karɓi ko girshi a hannuna ba, alƙalin kuwa mutum ne mai tsoron Allah. Amma daga ƙofar gidana zuwa gaban alƙalin nan, duk takun da na yi sai da na biya.

Kwana ɗaya kafin a zo a rubuta kayan shago a rufe shi, na ɗauke akwatin Iya na kai gida na tura ƙarƙashin gado. Wallahi tallahi a ranar niyyata mai kyau ce. Na ce kada a haɗa amanar tsohuwa da kayana a raba wa masu bina. Da na bar shi a shagon na ce ajiya ce, za a ce mai ajiya ta zo ta yi bayani, ita kuwa ina ta ga takardar da za ta shiga kotu da ita? Kun ga har nan ban yi laifi ba. Laifin ya fara ne washegari, a ƙofar kotu, inda masu rubuta takardar koke suke zama da 'yan teburansu. Mutumin ya ce riyal goma sha biyar, ban da kan sarki. Na laluba aljihu, riyal huɗu. Awarwaron matata an riga an sayar, rediyo ma ta tafi, wa zan tunkara? Wanda ya karye ko sallama ya yi sai a ɗauka rance ya zo nema. Na koma gida na jawo akwatin, na ɗauki ashirin, na ce Iya rance ne, cikin mako zan mayar. A wannan karon sai da na yi ta istigfari. A karo na uku ko istigfarin ban yi ba.

Sau uku aka rubuta takardar nan, don ta farko an ce ba a jera masu bin bashi yadda ya kamata ba, ta biyu an yi kuskure a sunan ubana. Sai aka ce Larabcina na kasuwa ne, ba zai tsaya gaban shari'a ba, in nemi wakili wanda ya san hanya. Wakili ya ce ɗari biyar, rabi yanzu rabi in an gama, kuma ko murmushi bai yi ba da yake faɗa. Sai shaidu. Ana bukatar mutum uku da suka san cikina da bayana su shaida cewa na karye, sannan wasu mutum biyu su shaida cewa waɗannan ukun mutanen kirki ne. Su wa na sani in ba 'yan dako ba? Mutanen da in ba su ɗauki buhu yau ba, gidansu ba a ɗora tukunya. Sun yarda don zumunci, Allah ya saka musu, amma zan kwashe su daga tasha yini guda in bar iyalinsu da yunwa? Dole in ba kowa kuɗin yininsa da na tasi. Zama biyar aka yi, yau ɗaya daga masu ƙara bai zo ba, gobe an ɗaga. Aka ce sai an buga sanarwa a jarida ko akwai wani mai bina da bai ji ba, wato da kuɗina zan sayi wurin da za a rubuta sunana a shaida wa duk Jidda na tsiyace. Ana cikin haka kafilina, mutumin da zamana a ƙasar yake ƙarƙashin sunansa, ya aiko a gaya mini ba ya son sunansa kusa da kotu, zai janye. In ya janye, ni da 'ya'yana sai jirgi. Riyal ɗari uku ne suka sanyaya masa zuciya. Duk wannan daga ina? Kun riga kun sani. Kullum in durƙusa gaban gado kamar mai neman takalmi.

Ranar rantsuwa ba zan manta da ita ba. Alƙali ya dube ni ya ce in rantse da Allah ba ni da wata dukiya, ta fili ko ta ɓoye. A lokacin akwatin yana ƙarƙashin gadona da sauran kusan ɗari biyar a ciki. Na ce wa zuciyata ai ba nawa ba ne, na Iya ne, rantsuwata gaskiya ce. Na rantse. To jama'a, in ba nawa ba ne, da wane hannu nake ci? In kuwa nawa ne, me na rantse a kai? Duk inda na juya maganar nan ba ta fito da ni.

Bayan rantsuwa ba sakina aka yi ba. Al'adar shari'ar ita ce a tsare mutum wani lokaci a gani, ko zafin kurkuku zai sa shi ko danginsa su fito da abin da aka ɓoye. Wata biyar na yi. Kafin a tafi da ni na nuna wa matata akwatin na ce wani ɗan abu ne na daɗe ina tarawa don rana irin wannan, ta biya haya ta ciyar da yara, kada ta gaya wa kowa. Baiwar Allah har kuka ta yi tana yabon hangen nesana. Ta ce wallahi maigida ban san kana da wayo haka ba. Har yau ba ta san tuwon da ta ba 'ya'yanta wata biyar na wane ne ba. Kun ga na ci amana, na kuma ɗura wa iyalina ita a baki ba da saninsu ba.

Abin da ya fi ci mini rai a zaman kurkukun nan ba zafi ba ne, ba kuɗin cizo ba ne. Wata Juma'a aka ce ina da baƙuwa. Na fito na ga Iya Kulu tsaye bayan ƙarfe, da ƙosai a ƙunshe cikin takarda. Matar da take canza lungu in ta hango ɗan sanda, ita ce ta ratso tsakiyarsu ta zo. Na ce Iya kin haukace ne, in aka tambaye ki takarda fa? Ta ce wa zai tambayi tsohuwa mai ƙosai, ci tun da zafinsa. Ta zauna tana ba ni labarin tasha, wane ya karye a ƙafa, wane ya yi aure. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ajiyarta ba. Ni kuwa na cinye ƙosan nan tas. Me ya hana ni faɗa a ranar? Tsoro, da kuma wani lissafin banza da nake yi cewa in na fito zan yi dako dare da rana in cike gurbin kafin ta tambaya.

Na fito da sakkina a hannu, takarda mai hatimi, an rubuta cewa wane ɗan wane ba shi da abin biya, kada wanda ya taɓa shi. Akwati kuma ba ko girshi. Kwana uku da fitowata Iya ta zo gida yi mini barka. Ta gaisa da matata, ta ba yara alewa, sannan ta jawo ni zaure, ta kwance gwangwaninta ta girgiza shi kusa da kunnena tana dariya. Ta ce a wata biyar ɗin nan ta tara kuɗin ƙwallo tara a ƙullin zani, tunda ba ni nan balle ta kawo, saura kaɗan ke nan. Sai ta ce, a hankali, kamar mai jin kunyar tambaya:

"Ɗan nan, akwatin namu dai yana nan lafiya ko?"

Da a ce ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar ta haɗiye ni. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "Iya, ranar da aka rufe shago sun same shi. Na ce ajiya ce, suka ce mai ajiya ta zo da takardarta. Na ji tsoron kada a kama ki, na yi shiru. An raba wa masu bina."

Kun ji ƙaryar? Kun ga yadda na gina ta a kan rashin takardarta, don na san ba ta isa ta je ko'ina ta bincika ba? Har na mai da kaina wanda ya cece ta. Tsohuwar nan ta juya tana kallon bango. Na jira ta yi ihu, ta shaƙe ni, ta tara mini unguwa, wallahi da ta yi haka da na fi samun sauƙi. Sai ta juyo ta ce, "Sun buge ka a kai?" Na ce a'a. Ta ce to alhamdu lillahi. Ta tashi ta fita ƙofar gida, ta buɗe gwangwanin ta juye ƙwallayen a gindin bango, ta karkaɗe shi, ta tafi ba ta waiwayo ba. Da ta sha kwana na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, ina waige kada wani ya gan ni. Suna nan cikin akwatin ƙarfen, a ƙarƙashin gadon. Na ƙirga su ya fi sau ɗari, ko ɗaya bai ɓata ba.

Shekara biyu ke nan. Na koma dako a tasha, da furfurata, ina ɗaukar buhu tare da sa'o'in ɗana na fari. Kullum da safe sai na wuce ta gaban kaskonta, ba wata hanya. Kullum sai ta kira ni ta zuba mini koko, in na miƙa kuɗi ta ture hannuna ta ce wanda aka yi wa tsirara a kotu ba ya biyan koko. Ga abin da yake kashe ni. Duk sanda maganar gida ta taso, sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya ci kuɗin nan. Yadda ya hana ni ganin 'yata, Allah ya hana shi ganin nasa." Sai ta dube ni tana jira. Ni kuma in ce amin. Da bakina, a gaban mutane, da kokonta a hannuna. Ita Bahadarmen nan take nufi, wato babban ɗan kasuwar da yake bina, in ta wuce ƙofar shagonsa har tofar da yawu take yi. Mutumin kuwa bai ga ko girshinta ba. Shi ne ma ya yafe mini kashi ɗaya cikin uku na bashinsa a gaban alƙali, ina kurkuku ya aika wa iyalina buhun shinkafa. Amma addu'a ai ba ta ɓatan hanya, ta san gidan da za ta. Watan jiya autana ya kwanta da zazzaɓi kwana shida, ba ya gane kowa. Ina zaune a kansa ba abin da nake ji sai muryar Iya da amin ɗina. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ni tun ranar ban sake kallon 'ya'yana da kwanciyar rai ba.

A hajjin bana wani alhaji daga garinsu ya neme ta har ya same ta, da saƙo. Ƙanwarta da ta riƙe yarinyar ta rasu. Yarinyar ta zama uwa, 'ya'yanta uku, ta sa wa ta farin sunan Iya. Ta ce a gaya wa uwarta ba ta son tsaraba, ba ta son ko ƙyalle, ta zo kawai ta gan ta, don ta fara manta kamanninta. Ni aka kira na zauna a wajen, wai ni ne ɗanta na nan. Iya tana ji tana murza gefen zaninta inda gwangwanin yake zama. Idonta kuwa yanar ido ta fara rufe shi, yanzu sai ta shafa kuɗi take gane riyal da girshi, ranar nan na ga ta tsoma yatsa cikin mai tana neman ƙosai. In ta ƙara shekara biyu a nan, ko an kai ta gida ba za ta ga fuskar kowa ba.

Zan faɗa muku wani abu da ban taɓa faɗa wa ko matashin kaina ba. Akwai hanyar zuwa gida kyauta: a kama mutum ba takarda, a tsare shi, in an tara su a zuba a jirgi. An taɓa ba ta wannan shawara, ta ce da ƙafarta ta zo ɗakin Allah, ba za ta koma wa 'yarta a ɗaure kamar ɓarauniya ba. To ni, ni da ta ciyar, wata rana bayan azahar na tsinci kaina a ƙofar ofishin da ake kai irin wannan rahoto. Shaiɗan yana gaya mini ai taimakonta za ka yi, za ta ga 'yarta, kai ma ka huta da amin. Na tsaya a wajen har mai gadi ya ce yalla, wato matsa daga nan, me kake nema? Na juya. Ban juya don ni mutumin kirki ne ba, na juya ne don na san yadda zaman jiran jirgin nan yake, na kuma san tsohuwa mai rabin ido ba lalle ta fito da rai ba. Wace irin zuciya ce ma take kai mutum wannan ƙofa?

Ga inda nake yanzu. A shekara biyun nan na matse cikina da na yara na tara riyal ɗari huɗu da 'yan kai, ba wanda ya sani. Ko kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta bai kai ba, kuma bayana ya fara gazawa, yadda nake tafiya sai na ƙara shekara biyar. Su kansu ɗari huɗun, sakkin da ke hannuna ya ce duk abin da na samu sama da ci da sha na masu bina ne. Sunan Iya ba ya cikin takardar, a wajen shari'a ba ta bina ko girshi, ita da ta biya kuɗin takardar tun daga kan sarki har hatimi. In na gaya mata gaskiya, Iya ba ta iya riƙe kuka ba, kafin la'asar duk tasha ta ji. In ya kai kunnen masu ƙara cewa na fitar da akwatin kuɗi daga shago kafin a rufe, wa zai yarda na tsohuwa ne, ƙwallon dabino zan kai shaida? Za a ce dukiya na ɓoye na yi rantsuwar ƙarya. Kurkuku zan koma, daga can sai jirgi, 'ya'yana da ba su san ko'ina ba sai nan su rasa uba. Mutum biyar ɗin da suka tsaya mini a gaban alƙali su ma na shafa musu baƙin jini. In kuwa na ba ta kuɗin na ce kyauta ce, ba za ta karɓa daga wanda take ganin ya fi ta tsiya ba, ko ta karɓa za ta yi ta sa mini albarka a kan abinta, ta ci gaba da tsine wa bawan Allahn da bai ci mata komai ba. In na yi shiru, ta makance ko ta mutu a nan, in haɗu da ita ranar da ba wakili ba sakki.

Na je wajen wani malami na ce wani abokina ne ya yi kaza da kaza. Ya ce abokinka ya mayar da haƙƙi ya nemi yafiya tun mai haƙƙi tana da rai. Na sani, Malam, wallahi na sani, amma da me, kuma ta wace ƙofa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Na zo wucewa ta kira ni, ta ja ni bayan kasko, ta kwance ƙullin zaninta. Riyal ɗari biyu da goma, duk abin da ta tara tun daga ranar da ta zubar da ƙwallayenta. Ta ce idonta ya yi rauni, tana tsoron a canza mata kuɗi da takardar banza ko a zare mata tana barci. Ta fito da tsohon gwangwanin nan, ta girgiza, na ji ƙwallaye suna ƙara a ciki, ta sake sabon lissafi. Na ce Iya ki nemi wani, ni an riga an ga ƙarshena. Ta kama hannuna ta danna kuɗin a ciki ta rufe da nata, ta ce, "Duk Jidda wa nake da shi? Kai da ka yi shiru gaban alƙali don kada a kama ni. Riƙe mini, ɗan nan, wannan karon ka kai gida, kada ka bari a shago."

Na karɓa. Suna cikin akwatin, kusa da ƙwallayenta ɗari uku da goma sha biyu, ban taɓa ko ɗaya ba. Ranar Juma'a za ta kawo riyal biyar, za ta ɗaga hannu ta yi addu'arta, za ta dube ni da idon da ya rage mata tana jiran amin.

Jama'a, don Allah, don Annabi, me zan yi?